Kafin a raba iri da taki, a fara gyara shanya da ajiya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da ƙungiyoyin manoma da kwamitocin al'umma da ke fafutukar ganin yankinsu ya ci daga abin da ya noma. Niyyar tana da kyau, sai dai da an zauna taro, maganar ba ta wuce iri da taki da injin ban ruwa. Da wuya a ware ko sisi domin shanya da ajiya, alhali ta nan abincin yake zurarewa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tun daga girbi kafin ya kai ga masu sayarwa. Ƙara yawan amfanin gona ba a toshe wannan kafa ba, ɗibar ruwa ne da kwando.

Tushen matsalar danshi ne. Masarar da za a ajiye kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100, gyaɗar da aka ɓare kuwa kashi 7 zuwa 8. Cizon ƙwaya da haƙori yana ruɗin mutum, domin bayanta kan bushe cikinta bai bushe ba. Ƙungiya ta sayi na'urar auna danshi ko guda ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa. Inda babu, a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin ya koma rana. Shanya kuma a kan tamfol ko daɓen siminti ake yi, a baza da faɗi, a riƙa juyawa, a rufe da dare saboda raɓa. Wanda ya ɗure hatsi a buhu da zafin rana a jikinsa, zai tarar buhun ya yi gumi daga ciki.

Abin da ya sa muke nanata wannan ya wuce asarar kuɗi. Hatsi mai danshi yana yin funfuna, wata funfunar kuma tana fitar da gubar da ake kira afulatoksin, musamman a masara da gyaɗa. Ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanta. A 2004 masarar da aka ajiye da danshi ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Kuma abin da ke ci mana rai shi ne yadda ake tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar wa gida mai tabon, yara su ci. Wasu su zuba wa shanu, gubar ta dawo ta cikin madara. Ƙwayar da ta yi kore, ko ta motse, ko ƙwari suka huda, a tsince ta a binne. Tun daga gona ma akwai kariya: Aflasafe, maganin hana wannan guba da ake watsawa a gona, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure. In an makara har fure ya fito, amfaninsa ya ragu sosai.

Sai ajiya. Maimakon barbaɗa maganin ƙwari a cikin abinci, ko sa ƙwayar fostoksin a ɗakin da ake kwana, wanda hayaƙinta ke kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro, akwai buhun da iska ba ta shiga, irin PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke cikin hatsin su ne ke shanye iskar da ta rage, sai su mutu ba tare da magani ba. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a gani ko tana da huji. A zuba kaɗan-kaɗan ana girgizawa, a bar wuya kamar taƙi ɗaya, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da igiyarsa. Masu cewa buhun bai yi musu aiki ba, in ka bincika, ko sun ɗaure ukun tare, ko tsinke ya huda ledar, ko kullum sai an buɗe an ɗiba. Na cefanen gida a ware shi a ƙaramin mazubi daban. Buhunan kuma a jera su a kan katako, a bar kamar rabin mita tsakaninsu da bango, domin leda ba ta hana ɓera da gara.

Duk wannan ba zai hana manomi karyar da kayansa ranar girbi ba idan bashi na binsa. Shi ya sa rumbun ƙungiya yake buƙatar mai ba da rance. Manomi ya kawo buhunsa, a auna nauyi da danshi, a rubuta sunansa a jiki, a ba shi rasit, ya karɓi rance a kai. A sa wa ƙofar kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai rancen. Shawararmu kada rancen ya wuce kashi 70 cikin 100 na darajar kayan ranar ajiya, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi, wani lokacin ma ya faɗi, kuma kuɗin buhu da gadi suna nan sai an biya.

Kayan lambu maganarsu ta fi gaggawa: a tsinka da sanyin safiya, a ajiye a inuwa, a zuba a kwandon roba mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25 maimakon babban kwandon da na sama ke murƙushe na ƙasa. Kuma a nemi mai saye na dindindin, kamar makarantar kwana ko gidan abinci, tun kafin a shuka.

Rumbunan al'umma da yawa ba ƙwari ne suka rushe su ba, bashin da aka ba manya ne ba a rubuta ba, ba a kuma iya tambaya. Don haka mai riƙe mabuɗi daban, mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, kuma kada su fito gida ɗaya. Mata su kasance cikin ukun nan, tunda yawancin aikin shanya da tsinta a hannunsu yake. Duk ƙarshen wata a ƙirga buhuna a gaban membobi, a karanta sunan kowane mai bashi da ranar biyansa, ko da shugaban ƙungiya ne.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'aikatan gona da ajiyar amfanin gona