Yadda ake gano bayanan da aka tura aiki da su a na'urar IBM i

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci ga masu kula da na'urar AS/400, wadda IBM ya fitar a 1988, yanzu kuma ake kiranta IBM i. Tambayar da ke yawan tasowa idan aikin dare ya lalace ita ce: da waɗanne bayanai aka tura shi?

Duk aikin da aka tura da SBMJOB, umarnin tura aiki layin jira, yana da kundinsa, wato joblog, inda ake rubuta saƙonnin aikin. A farkon kundin akwai saƙon CPF1124 na fara aiki, da CPI1125 mai nuna aikin da ya turo shi, sai saƙon buƙata mai ɗauke da umarnin da aka sa a CMD, gurbin SBMJOB da ke faɗin abin da aikin zai yi. Ana duba kundin da umarnin DSPJOBLOG idan an ba da lambar aikin, sunan mai amfani da sunan aikin. Mai son SQL sai ya kira QSYS2.JOBLOG_INFO ya tace inda MESSAGE_TYPE yake REQUEST, muddin ba a riga an mai da kundin fayil ɗin bugawa ba. Wannan ya fi kwafe QPJOBLOG, wato fayil ɗin bugawa na kundin, da umarnin CPYSPLF, domin a can dogon umarni yana rarrabuwa layi-layi, sai an sake haɗa shi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, CMD kaɗai ke cikin saƙon buƙatar. Sauran guraben SBMJOB, irin su JOBD (siffar aiki) da INLLIBL (jerin laburaren farko), sai a kundin aikin da ya yi turawar, inda saƙon CPC1221 mai tabbatar da turawa yake. Shi ma ba zai nuna cikakken SBMJOB daga manhajar CL (harshen umarnin na'urar) ba sai an sa LOGCLPGM(*YES).

Amfanin karanta saƙon buƙatar ya fi fitowa a kan CALL, umarnin kiran manhaja. Lokacin turawa, na'urar tana mai da kowace ƙima zuwa rubutu tsayayye, ta yanke guraben ƙarshe. Rubutun da bai kai haruffa 32 ba za a cike shi zuwa 32. Wanda ya wuce haka yana tafiya da tsawonsa kawai. To, idan manhaja tana jiran haruffa 50 aka aiko mata 40, sauran goman shara ce daga ma'adana. Lambobi kuwa suna isa a tsarin 15 da 5, wato lambobi 15, biyar daga ciki bayan ɗigo, don haka manhajar da ke jiran wani tsari daban tana iya faɗuwa da MCH1202, saƙon kuskuren bayanan lamba. Maganin da ya fi inganci, a ganina, shi ne a rubuta wa manhajar umarninta da CRTCMD, mai ƙirƙirar sabon umarni, a daina tura CALL tsirara.

Duk wannan sai kundin yana nan. Da saitin LOG(4 00 *NOLIST), aikin da ya ƙare lafiya ba ya barin komai, ko da lissafinsa ya fito ba daidai ba. A sa *SECLVL maimakon *NOLIST a JOBD na muhimman ayyuka, sannan a duba CHGCLNUP, umarnin saita sharar na'ura, a ga kwana nawa ake ajiye kundaye a QEZJOBLOG, layin da suke taruwa, kafin a share su.

Na gode.

Wani mai kula da na'urorin IBM i