Gem ɗin nan ba harbe-harbe kaɗai ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wasannin gem, don duk sanda aka taɓo batun sai ka ji an ce harbe-harbe ne kawai da ɓata lokaci. Iyayenmu a nan Jos ma haka suke kallon abin, kuma ban ga laifinsu ba tunda babu wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani.

Ga misali State of Decay 2, wanda kamfanin Undead Labs na Amurka ya yi, Microsoft ta fitar a 2018 a na'urar gem ta Xbox da kwamfuta. A cikin gem ɗin annoba ta mai da mutane zombi, wato gawarwaki masu yawo suna kai wa masu rai hari, gari ya watse, kai kuma an bar maka 'yan mutane kaɗan ka kula da su. Abu biyar ne rayuwarku, abinci da magani da harsashi da kayan gini da mai, kuma kullum raguwa suke ko ka fita ko ba ka fita ba. Gidan da za ku zauna ma fili ƙalilan ne, in ka gina ɗakin jinya ƙila ka rasa wurin lambu, in gadaje suka yi kaɗan mutanenka su fara ƙunci da faɗa da juna har wani ya tattara kayansa ya bar ku. Janareta kuma wlh kamar na unguwarmu, yana ba ka wuta amma yana shan mai kullum ga ƙara, sai dai a can ƙarar tana janyo zombi su yo kan gidan ne. To ka ga kafin ka kunna sai ka yi lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abokan gaban ba iri ɗaya ba ne, kowanne da ɓarnar da yake ja maka. Screamer ba shi da ƙarfi amma ihu ɗaya zai tara maka zombi. Bloater in ka kuskura ka buge shi da mota hayaƙin guba ya cika motar, dole ka fito a guje. Feral sauri gare shi kamar me, Juggernaut kuwa ƙato ne mai cinye harsashi, sau da yawa gara ka kauce masa ka adana abinka. Kuma duk wanda ya mutu ya mutu kenan, babu dawowa, mutumin da ka sha wahala ya ƙware a haɗa magani sai ka rasa shi saboda gwangwanin abinci.

Damuwata ita ce yawancin ƙannenmu a waya suke buga irin waɗannan, kuma da yawa daga cikin na waya in kaya suka ƙare sai su ce ka saya da kuɗi. Ina amfanin tattalin kenan in aljihu ne zai fid da kai? Yaro ya ƙona data ya ƙona kuɗi bai koyi tsara komai ba.

Shi ya sa nake roƙo ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata da zai riƙa bitar gem da Hausa, a faɗa wa iyaye wanne ke tatsar kuɗi, wanne ke sa tunani, da shekarun da ya dace, don shi kansa State of Decay 2 akwai jini sosai, na manya ne, ba na yaran firamare ba.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos