Maigidana Ya Ɗauko Wa Ɗanmu Renon Mutanen Sifarta

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina sauraron shirinki, yau ga ni da tawa damuwar.

Ɗanmu na fari ya cika shekara bakwai da azumin bana. Tun daga lokacin maigidana ya kafe a kan sai ya yi masa irin renon mutanen Sifarta, wani birni na tsohuwar ƙasar Girka. Ya hana shi sa takalmi a gida, ya rage masa tuwo, da hunturun nan kuma a tabarma yake kwana ba bargo. Cewa yake haka aka samu jarumai 300 da suka tare rundunar Farisa tare da sarkinsu Liyonidas a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ni malamar makaranta ce, sai na je na karanta. Gaskiya ne, a Sifarta ta wancan zamanin da yaro ya kai bakwai ake raba shi da uwarsa. Daga shekara 12 mayafi ɗaya ake ba shi na shekara guda, ya kwana a kan ciyawar da ya tsinko da hannunsa a bakin kogin Yurotas. Ana barinsa da yunwa don ya koyi sata, in an kama shi a zane shi saboda ya bari an kama shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalilin. Sifartawa ba sa noma, bayin da ake kira helot ne ke ciyar da su, kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Tsoron tawayensu ne ya sa aka mayar da kowane yaro soja, har ana tura samari su kashe su da dare. Mu wa muke tsoro, Anti? Kuma duk da haka mutanen Tibis, wani birnin Girka, sun karya Sifartawa a yaƙi a shekara ta 371 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan yawan Sifartawan ya ragu ƙwarai.

Maigidana ba mugu ba ne. Maraya ya tashi, yana gudun yaron ya zama sangartacce. Ni kuma kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki, in na yi magana a ce na nuna son ɗa. Amma tarin da yaron yake yi da dare yana hana ni barci, ya kuma daina zuwa wurin babansa da gudu in ya dawo.

In zaunar da maigidan ni kaɗai, ko in kai maganar gaban Hajiya, yayar mahaifinsa da ta rene shi?

Taki,
Mai sauraro daga Zariya