Wasiƙa daga Nima, kan maganar yaronmu mai zane

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Akkara lafiya lau, sai tsadar kaya, wadda na san ku ma kuna fama da ita a Zariya.

Saƙonka ya iso. Da gangan na ƙi amsa maka ta waya, don maganar yaronmu ba ta gaggawa ba ce. Ka ce ya gama sakandare amma ba abin da ke ransa sai zane, ya cika bangon zaure da gawayi, har ka tattara takardunsa ka kulle a akwati. Na san ba ƙi ba ne, tsoro ne irin na uba, kada yaro ya tashi ba sana'a. Ni dai ka ba ni aron kunnenka in gaya maka abin da idona ya gani a nan.

Akwai wata doguwar katanga da ke kallon shagona. Shekara da shekaru ba abin da ake yi a gindinta sai zubar da shara da fitsari, duk da an rubuta gargaɗi da jan fenti. Ran nan da sassafe sai ga wani saurayi da ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, da tsani a kafaɗa, ƙannensa biyu na biye da shi da bokitai. Ashe tun jiya ya je ya durƙusa gaban tsohuwar da ke da gidan ya nemi izini. Da tsintsiya ya fara. Ya share gindin katangar tas, ya kankare gansakuka, ya shafa farin fenti, sannan ya ɗauko alli da zare ya raba bangon gida-gida kamar hatimi. Hoton da zai zana yana cikin wayarsa, shi ma ya raba shi gida-gida, yana duba waya yana cika kowane gida a bango. Fentin fesawa na gwangwani tsada gare shi, don haka biyu kawai ya saya, na gyaran ido da baki. Sauran duk fentin gida ne, yana haɗa launi a gindin robar ruwa da ya yanke.

Kwana huɗu ya yi yana aikin nan cikin rana. Ranar farko mutane na wucewa suna taɓe baki. Rana ta uku, da fuskar ta fito, sai ga mace mai sayar da koko, tulu a gabanta, ludayi a hannu, gyale ya zamo mata kafaɗa. Wallahi sai da mai wake da shinkafar da ke kusa da ni ta ajiye cokali ta ce, "Wannan ai uwata ce." Ba uwarta ba ce, amma duk wanda ya tashi a zango ya san wannan fuskar. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara zuba shara a wurin, kuma ba wani dogari da aka sa. Abin da ya ƙona min rai shi ne lokacin zaɓen 2024, wasu suka zo da dare suka manna fastocin ɗan takara a kan fuskar. Da safe yaran unguwa ne da kansu suka kawo ruwan ɗumi suka jiƙa takardun suna ɓarewa a hankali don kada fentin ya tashi.

Yaron nan ba shi kaɗai ba ne. Unguwarmu ta Nima ta fitar da masu zanen bango da ake ji da su, irin su Moh Awudu, wanda a nan ya tashi kuma aikinsa ya kai shi ƙasashen waje. Akwai ma ƙungiyar matasan masu zane da suka sa wa suna Nima Muhinmanchi Art. Ka ji kalmarmu a tsakiya, muhimmanci, da irin lafazin Hausar Gana. Unguwar da a da in an ambace ta a gari sai a tuna kwata da cunkoso, yau wasu don su ga bango suke shigowa.

Sai kuma bikin zanen titi na Chale Wote, da aka fara a 2011 a Jamestown, tsohuwar unguwar masunta ta mutanen Ga a bakin teku. Da yarensu sunan na nufin "aboki, mu tafi", kuma haka suke kiran silifas. Wajen watan Agusta ake yi. Shekarar da na fara zuwa, an rufe babban titin da ya bi ta gaban hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari da tsohon kurkukun James Fort. Ko'ina ka duba mutum ne a kan tsani da buroshi, wani na zane a kan kwalta da alli, ga kiɗa, ga 'yan dambe. Ba kuɗin shiga, ba mai gadi a ƙofa. Mai tallan ruwa da baturen da ya zo da kyamara kafaɗa da kafaɗa suke kallo. Ɗakunan baje kolin zane na manyan otal, talaka ko ƙofarsu ba ya tunkara, amma bango na kowa ne, kuma a nan masu sayen zane ke fara ganin hannun yaro.

Ka tambaye ni ko ana cin abinci da wannan abu. Ana ci, amma ba zan yi maka daɗin baki ba. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale ta arewacin Gana a 1987, da tsofaffin buhunan algarara ya yi suna, waɗanda aka zuba 'ya'yan koko na yin cakulan a ciki, daga baya suka koma na gawayi da masara. Yana karɓa a hannun 'yan kasuwa, a ɗinke su wuri guda, ya lulluɓe gini sukutum da su. A 2015 aikinsa ya je babban baje kolin Venice a Italiya. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne da kuɗi suka zo gida ya koma: a 2019 ya buɗe cibiyar zane a Tamale, ya kuma sayo tsofaffin jiragen sama ya ajiye a ɗaya wurin nasa, yara na shiga ciki suna ɗaukar darasi. Serge Attukwei Clottey kuwa jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa yake yankawa ya ɗinke da waya. Amoako Boafo da yatsunsa yake zana fuska, kuma a 2020 an yi gwanjon wani zanensa a Landan kan fam 675,000. To amma ka lura, wanda ya saya da arha tun farko shi ya kwashi ribar. Kuma a bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai yara da yawa da ke rayuwa da rubuta allon shago da fentin makarantun yara, ga injin buga kyallen talla ya ƙwace rabin wannan cinikin. Shi ya sa nake so yaronmu ya haɗa da karatu, ya iya lissafin kuɗin aikinsa, ya iya karanta takarda kafin ya sa hannu.

Na san akwai abin da ba ka rubuta ba amma yana ranka, wato hukuncin zana mai rai. Ban raina wannan ba, kuma ni ba malami ba ne. Ka kai shi wurin malamin da ka amince da shi, a yi maganar yaron na zaune, ya ji da kunnensa. Sai dai ka tuna zane ba fuska kaɗai ba ne. Allon zayyanar da aka yi mana ranar sauka, wa ya zana shi? Dagin da ke goshin zaurukan cikin birni, da zanen da magina ke fitarwa da hannu tun laka na ɗanye, ba ado a bango ba ne da kowane mai wucewa ke gani kyauta? Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina har yau ana zuwa kallonsa. Ka tuna yadda muke tsayawa a tasha muna karanta bayan gingimari, ga zaki, ga dawisu, ga "Haƙuri maganin duniya". Kuma a garinku ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suka ce ba za su tsaya kan kwaikwayon Turawa ba. Sashen koyar da zanen yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello, kuɗin mota ɗaya daga ƙofar gidanka. Abin da ke damuna shi ne siminti da tayil sun cinye bangayenmu, tsofaffin magina na ƙarewa, ga yaro Allah ya ba shi hannu, takardunsa na kulle a akwati.

Roƙona gare ka, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka buɗe akwatin nan ka mayar masa. Ka ba shi katangar bayan gida, wadda ke kallon lungu, ka ce ya nuna maka abin da zai iya. In ya cike takardar jami'a, ka bar shi ya sa zane. Na saya masa buroshi shida da gwangwanin fesawa uku, zan ba direban motar goron da ke tashi ranar Laraba, ya ajiye a shagon ƙaninka. Ka gaya masa ya fara shafa farin fenti ya bari ya bushe kwana guda, kada ya yi aiki da tsakar rana. In ya gama ku turo min hoton, ina so in nuna wa saurayin nan na unguwarmu, don na riga na ba shi labarinsa.

Ka gaida Hajiya da maiɗakinka da yara duka. Ka gaida mutanen majalisa.

Wassalam,
Amininka na Nima