Kafin a zuba iri a kwarurukan Mandara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka, domin lokaci ya matsa. Shamuwa ta sauka, iska ta fara juyawa, zafin bazara ya kai maƙura, kuma duk majalisar da ka zauna daga Mokolo zuwa Koza har Mora zancen ɗaya ne: an ji a rediyo yadda damina za ta kasance. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake fahimtar wannan hasashe. Manomi zai ji an ce "ruwa zai yi yawa", sai ya ɗauko irin da ya adana wata bakwai a rumbu ya zuba shi duka ranar ruwan farko. Bayan sati biyu tsiro ya ƙone, iri ya ƙare, sai kasuwa, sai bashi.

Hasashen damina na yankinmu daga cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai yake tasowa, su ne ke tara masana yanayi na ƙasashe wajen ƙarshen Afrilu. A nan Kamaru kuma akwai hukumar yanayi ta ƙasa, da cibiyar ONACC mai fitar da bayani duk kwana goma. Aikinsu na ilimi ne, amma sai an san yadda ake karanta shi. Kowane yanki a taswirar hasashen ana ba shi lambobi uku da suka haɗu ɗari, a misali 45, 35, 20. Na farko yiwuwar ruwa ya fi na al'ada, na biyu ya zo daidai, na uku ya gaza, kuma "al'ada" a nan matsakaicin shekaru 30 ne, daga 1991 zuwa 2020. To ka ga ko a shekarar da aka ce ruwa zai yi yawa, akwai kashi 20 na cewa zai gaza. Sannan jimillar wata uku ake nufi, a kan fili mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Ruwan zai iya cika lissafi cif a watan Agusta alhali Yuni ya wuce babu ɗigo na kwana goma sha biyar. Shuka kuwa ba ta cin jimilla, abin da ya jiƙa saiwarta a satin nan shi ta sani.

Dalilin wannan ruɗani na farkon damina a bayyane yake. Iska mai ɗanshi tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa. Shi ya sa Garwa ke riga Marwa samun ruwa, Marwa kuma ta riga Kuseri. A watan Mayu iyakar da ke tsakanin iskokin biyu ba ta zauna ba tukuna. Yau ta haura, jibi ta koma baya. Idan ta haura aka dace da hadari daga gabas, sai a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idan ta koma, sai rana ta buɗe kwana goma ko fiye. Duwatsu kuma suna ƙara nasu. Iskar da ta hau gangare tana sanyi, kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, gajimare ya haɗu a kan tsauni, ya zubar a gefe guda ya bar ɗayan. Mokolo, da ke kusan mita 800 sama da teku, takan fi Marwa da Mora ruwa a shekara. Ƙauyuka biyu da dutse ɗaya ya raba, wannan ya kwana cikin laka, wancan ƙura ce ke tashi. Babu taswirar da za ta nuna wannan.

Saboda haka sai kowane ƙauye ya auna nasa. Abin awon ruwan sama ba ya buƙatar kuɗi. A nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, irin babban gwangwanin tumatir, a yanke murfin kakaf. A kafa turke mai tsawon mita ɗaya a fili, nesa da bishiya ko gini aƙalla ninki biyu na tsawonsu, a ɗaure gwangwanin a kai ya zauna daram. Kowace safiya da ƙarfe bakwai a tsoma rula irin ta 'yan makaranta, a karanta, a rubuta a littafi da kwanan wata, a zubar. Santimita 2 a rula milimita 20 ke nan. Kurakuran da aka fi yi guda uku ne: a yi amfani da bokiti mai faɗin baki, wanda ke ƙara lissafi, a bar awon har azahar rana ta shanye rabi, ko a manta cewa rula tana da ɗan fili kafin sifili, wanda dole a yanke shi.

Ƙa'idar da malaman gona suka daɗe suna bi ita ce, a jira a samu milimita 20 a cikin kwana uku a jere kafin a kira shi ruwan shuka. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, don haka milimita 20 a gonar kwata, wato mita 50 sau 50, lita 50,000 ce. A jigawa wannan yakan jiƙa ƙasa kusan taƙi ɗaya. Amma a gangare ruwan da ya zo da ƙarfi rabinsa gudu yake yi, shi ya sa gwangwani kaɗai bai isa shaida ba. Washegari a haƙa rami da fartanya a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasan gona. A damƙi ƙasar da ke zurfin taƙi. Idan ta dunƙule a hannu ta bar sanyi a tafi, an samu. Idan yatsu huɗu kawai ta jiƙe, ƙasanta fari fat, wannan shi ne ruwan da ke cin iri: ya isa ƙwaya ta fasa, bai isa ya riƙe ta ba.

Ko an cika wannan sharaɗi, kada a zuba iri duka. A raba shi uku. Kashi ɗaya a ruwan farko da ya cika awo, a fara da kwari da gindin gangare inda ɗanshi ke daɗewa. Kashi na biyu bayan ruwa ya sake zuwa cikin mako guda. Na uku a riƙe shi don cike gurbi. Kafin nan ma a gwada irin: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a duba bayan kwana biyar zuwa bakwai. Idan ƙasa da 70 suka tsira, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a sake iri.

Gero da jar dawar nan jigari suna jure ƙishi, su ne ma ake yin binne da su, a sa su a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Binne yana da amfani idan ruwan da ya zo babba ne. Yayyafi ne ke ruɓar da shi. Masara da gyaɗa kuwa kada a yi musu wannan kasada, irinsu da tsada, kuma masara ba ta yafe farin kwana goma tana ƙarama. Hekta ɗaya na masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25, dawa kuwa kilo 8 zuwa 10, ka ga asarar ba ɗaya ba ce. Dawa mai saurin nuna irin S35, wadda aka yaɗa a arewacin Kamaru tun shekarun 1980, matsalarta daban: idan aka yi mata sammako sai ta nuna tsakiyar ruwa, zangarniya ta yi baƙi da fumfuna, tsuntsaye kuma su taru a kanta ita kaɗai tunda babu wata gonar da ta nuna. Ita ce ya kamata a riƙe don shekarar da ruwa ya makara. Auduga ita ce ba ta son jinkiri, wadda ta wuce ƙarshen Yuni ba a shuka ba amfaninta raguwa yake yi.

Taki ma haka. Yuriyar da aka bari a saman ƙasa ba a rufe ba, wani kasonta hayaƙi yake zama ya bi iska, kuma idan ta taɓa ƙwaya sai ta ƙona ta. Mai ƙaramin ƙarfi ya sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, kusan giram 6, a gefen kowane rami, tazarar yatsu uku daga iri, ya rufe. Yuriya ta jira bayan noman farko, ranar da ƙasa ke da ɗanshi.

Mu da ke zaune a kwari muna da abin koyi wajen maƙwabtanmu Mafa, da suka jera katangun duwatsu hawa-hawa a jikin tsaunuka tun kaka da kakanni. Yanzu ne lokacin gyara su. Wuri ɗaya da ya rushe, nan duk ruwan hawan zai taru ya faso, ya karya na ƙasa da shi, kafin Agusta ya zama kwazazzabo. A gonar da ke gangare, kunya ta bi kwance, kada ta bi saukar ruwa.

Akwai abin da ya fi asarar iri ciwo, shi ne mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani. Wata bakwai yana kwance yashi zalla, yara na ƙwallo a ciki, mata na haƙa ruwa, masu bulo sun jera kayansu. Ruwan da zai cika shi ba sai ya sauka a kanka ba. Hadari ya zuba a kan duwatsu can sama, jikin dutse ba ya shan ruwa, sai ya gangaro gaba ɗaya alhali sararin samanka garau. Alamarsa ƙugi daga nesa kamar babbar mota, sai kumfa da kara da itatuwa a gaba, ruwan ja jawur. Wanda ya ga baƙin hadari ta wajen duwatsu ya kwashe yara da dabbobi daga cikin mayo nan take. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, babur kuwa ba a magana. Mutanen Marwa ba su manta gadar Palar da ruwa ya karya a 2020 ba. Jiran awa biyu a bakin gaɓa yakan isa ruwan ya ja.

Tsawa kuma, daga ganin walƙiya a fara ƙirga daƙiƙa har a ji ƙara; kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Idan bai kai talatin ba, a sauko daga kan dutse, a bar gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a ajiye fartanya. Iskar da ke zuwa gaban hadari ita ce mai yaye kwano, don haka a bi ƙusoshi yanzu, a ɗaure katako da waya a jikin bango. A ɗaga bakin rijiya da siminti ko duwatsu, domin ruwan farko duk ƙazantar rani yake kwasowa, daga nan amai da gudawa ke farawa. Makiyaya su tsare shanu daga ɗanyen tsiron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana da guba mai kashe saniya cikin ɗan lokaci.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita: bayanin kwana goma-goma da harshen Turawa yake fitowa, mai fartanya ba ya ganinsa. Ku ware masa gurbi daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli, ku fassara shi da Hausa, ku faɗi sunayen garuruwa, kuma idan an yi gargaɗin tsayawar ruwa ku sa shi a gaba. Masu unguwanni da limamai kuma su sa a kafa gwangwani a kowace makaranta, a riƙa faɗar awon jiya bayan sallar asuba, kafin a fita gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Daga wasu malaman gona,
Mokolo, Mayo-Tsanaga.