Kumburin muƙamuƙi ba aikin wanzami ba ne

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan labarin da ke yawo a wayoyi, wai yanzu ana shuka wa mutum sabon muƙamuƙi a jikinsa.

Labarin gaskiya ne, kuma ya kwana biyu. A 2004 likitoci a birnin Kiel na Jamus suka yi wa wani mai shekara 56 da ciwon daji ya raba da muƙamuƙinsa na ƙasa. Sun ƙera ragar ƙarfen titaniyam daidai siffar haɓarsa, suka cika ta da ma'adinin ƙashi da ɓargon jikinsa da BMP, sinadarin da ke sa ƙashi ya tsiro. Sai suka binne ta cikin tsokar bayansa don jini ya ratsa ta. Bayan mako 7 aka ciro ta da jijiyoyinta na jini, aka haɗa su da na wuya. Mutumin da ya shekara 9 sai abu mai ruwa-ruwa, ya tauna burodi.

Madalla. Amma har yau abin da aka fi dogara da shi shi ne a yanko siririn ƙashin ƙwauri a dasa, kuma ko wannan ɗin talakanmu nawa ne ke samu?

A ɗakin tiyata na yi aikin jinya a nan Jos har na yi ritaya. Wani ƙari mai kumbura muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma shi ya fi tsaya mini a rai. Ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. A ce haƙori ne a cire, a kai wa wanzami ya yi sakiya, a yi ta shafe-shafe. Kafin a zo mana haƙora sun yi ta girgiɗi, dole a yanke rabin ƙashin. Kuɗin dashe kuwa babu, an riga an sayar da akuyoyi. Na ga matashi an sallame shi haɓa a karkace, yawu na zuba, mahaifiyarsa tana ɗura masa kunu da sirinji.

Roƙona biyu ne. Jaridarku ta riƙa gaya wa jama'a cewa kumburin muƙamuƙi da ya ƙi sacewa, ko ba ya ciwo, a kai wa likitan haƙori ya ɗauki hoto tun yana ƙarami. Masu inshorar lafiya kuma su ɗauki nauyin dashen tare da yankan, a daina barin aikin rabi da rabi.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Unguwar Rogo, Jos