Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Tambayoyin Masu Musun Akwai Allah

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu ma nan gida lafiya lau muke, sai godiya ga Allah. Bayan haka, mahaifiyarka ta shaida mini abin da ka faɗa mata a waya, cewa akwai wani abokin karatunka da ya ce shi bai yarda akwai Allah ba, yana kuma jefo maka tambayoyin da wani lokaci kan hana ka barci. Hankalinta ya tashi ƙwarai, har ta so in kira ka in ce ka rabu da shi. Ni kuwa na ga ya fi kyau in zauna in rubuta maka, domin magana irin wannan ba ta waya ba ce, kuma ra'ayina ya ɗan bambanta da nata.

Kada ka rabu da shi, kada kuma ka ji tsoron tambayoyinsa. Manzo Bitrus, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, ya umarce mu mu zauna da shirin ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da muke da shi, ya kuma gindaya sharaɗin cewa a yi hakan da tawali'u da ladabi. A kan wannan zan ƙara maka abu guda, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami: kada ka taɓa faɗin abin da ba gaskiya ba, ko abin da ba ka tabbatar ba, don kawai ka kare Allah. Ayuba ya tambayi abokansa ko za su yi ƙarya ne saboda Allah, tambayar kuma tana nan a kanmu har yau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaro mai kaifin basira irin abokinka zai gano ta nan da nan, sai ya haɗa ƙaryarka da bisharar ya yi watsi da su tare.

Tun da likitanci kuke karantawa, na tabbata ya fara ne da batun kimiyya. Zai ce mutanen dā sun jingina tsawa da annoba ga Allah saboda jahilci, yanzu kuwa an san yadda hadari ke haɗuwa da yadda ƙwayar cuta ke shiga jini, saboda haka ba sauran aikin da ya rage wa Allah. Amsar Kirista ita ce Allahn Littafi Mai Tsarki bai taɓa zama abin toshe gurbin jahilcinmu ba, shi ne Mahaliccin abin da muka gane da wanda ba mu gane ba tukuna. Ka tuna marinar Ƙofar Mata a Kano, yadda marini kan tsoma farin yadi a karofi, ya ɗaga shi yana kore-kore, sai ka ga yana rikiɗewa zuwa shuɗi yayin da iska ke bugunsa. Masanin sinadarai zai bayyana maka dalla-dalla abin da iska ke yi wa ruwan baba, bayaninsa kuma gaskiya ne daga farko har ƙarshe, amma bai nuna babu marini ba, bai kuma faɗi dalilin da ya sa aka rina yadin ba. Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus da 'yan Nazi suka rataye a watan Afrilu na 1945, ya rubuto daga kurkuku yana gargaɗin Kiristoci su nemi Allah a cikin abin da suka sani, kada su ajiye shi a inda iliminsu ya tsaya, domin ilimi kullum gaba yake ci.

Tarihi ma bai goyi bayan zancen gaba tsakanin bangaskiya da kimiyya ba. Gregor Mendel, wanda kuka karanta dokokinsa na gadon halitta, ɗan zuhudu ne, a lambun gidan ibadarsu ya shuka waken da ya yi gwaji da shi, ya kuma wallafa sakamakon a 1866. Georges Lemaître, wanda a 1927 ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam. A wancan lokaci masana da dama sun fi son a ce duniya, wato sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa, ba ta da farko, sai hujjoji suka yi ta taruwa, musamman ragowar ɗumin farkon halitta da ke ko'ina a sararin samaniya, wanda masana kimiyya Penzias da Wilson suka ba da sanarwar gano shi a 1965, har aka karkata ga cewa ta fara ne kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce. Amma ga abin da na fi so ka lura da shi. Sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna cewa wannan bincike ya gaskata labarin halitta, Lemaître da kansa bai ji daɗi ba, domin ba ya son a ɗora bangaskiya a kan binciken da gobe zai iya canzawa. Irin wannan taka-tsantsan nake so a gare ka. Tun a ƙarni na 5, Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi gargaɗi cewa abin kunya ne marar bi ya ji Kirista yana shirme a kan taurari ko dabbobi yana cewa Nassi ne ya faɗa, domin daga nan ba zai ƙara sauraronsa a kan tashin matattu ba. Game da ra'ayin Darwin kuwa, wato cewa halittu masu rai sun samo asali ne daga waɗanda suka gabace su ta hanyar sauyawa sannu a hankali, Kiristoci masu tsoron Allah sun sha bamban, kuma Francis Collins, likitan da ya jagoranci aikin karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, ya yarda da shi alhali yana bin Almasihu, bayan ya taɓa zama marar yarda da Allah. A ganina, kada ka bari muhawararku ta maƙale a nan.

Idan ya ce maka, to wa ya yi Allah, ka sani tsohuwar tambaya ce, Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ma ya kawo ta a laccarsa ta Landan a 1927. Kiristoci ba su ce kowane abu yana da wanda ya yi shi ba. Abin da suka ce shi ne, duk abin da ya fara kasancewa, ko ya dogara ga wani kafin ya wanzu, yana bukatar sanadi, dole kuma jerin ya tsaya a kan wani wanda bai dogara ga kowa ba. Shi ma abokinka yana da wurin tsayawa, sai dai shi ya tsaya ne a kan duniya kanta. Tambayar da ke tsakaninku ita ce wanne ya fi dacewa da hankali a tsaya a kansa.

Yanzu na zo kan wadda ta fi kowace nauyi, wadda nake roƙonka kada ka amsa ta da gaggawa, wato batun wahala. Masanin falsafa David Hume ya tsara ta a ƙarni na 18, yana jingina ta ga Epicurus, masanin falsafa na tsohuwar Girka: in Allah yana son hana mugunta amma bai iya ba, to ba shi da iko, in yana iyawa amma ba ya so, to ba nagari ba ne, in kuwa yana so kuma yana iyawa, daga ina mugunta ta fito? Masana Kirista sun amsa cewa Allah ya halicci mutum da 'yancin zaɓi, domin ƙauna ta dole ba ƙauna ba ce, wanda aka ba shi ikon ya ƙaunaci maƙwabcinsa kuwa an ba shi ikon ya cuce shi ke nan. Alvin Plantinga, Kirista masanin falsafa, ya shimfiɗa wannan hujja a 1974, har masanin falsafa J. L. Mackie, wanda a 1955 ya ce samuwar Allah da samuwar mugunta ba za su haɗu ba, ya amince daga baya cewa ba a tabbatar da saɓani na dole a tsakaninsu ba, ko da yake bai daina musun akwai Allah ba.

Wannan amsa tana da ƙarfi a kan kisa da zalunci da cin amana, amma kai da kake zagayen ɗakunan marasa lafiya ka san iyakarta. Za ka tsaya a kan gadon yaro mai sikila da tsakar dare, ƙashinsa yana ciwo har muryarsa ta dishe, uwarsa tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita da guntun kwali, tana matsa masa ƙafa, ba ta rintsa ba. Zaɓin wa ya jawo wannan? A nan ne Kiristoci da yawa suke yin ɓarna da bakinsu, su ce zunubin iyaye ne, ko rashin bangaskiya, ko su soma lissafa darasin da Allah yake son koyarwa kamar an yi shawara da su. Ubangiji Yesu ya toshe wannan hanya. Da almajiransa suka tambaye shi a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, da suka soma bayani ne suka kauce, har Allah ya tsawata musu a ƙarshen littafin.

Saboda haka ka gaya wa abokinka gaskiya, cewa ba mu san dalilin kowace wahala ba. Rashin ganin dalili a wurinmu bai isa ya tabbatar da cewa babu shi ba, tun da saninmu ƙanƙane ne, amma wannan ba ya share hawayen uwa. Abin da muke da shi, wanda muka jingina rayuwarmu a kai, shi ne Allahn da muke bauta wa bai tsaya daga nesa yana kallo ba. Ya zama mutum, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, aka gicciye shi bisa zalunci, ya ɗaga murya da kalmomin Zabura ta 22 yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Ya kuma yi alkawarin ranar da mutuwa da baƙin ciki za su ƙare. Sannan, cikin natsuwa, kana iya tambayarsa: in duniya hatsari ce kawai marar manufa, daga ina muka sami wannan tabbaci mai ƙarfi cewa bai kamata yaron nan ya sha wahala ba? Sai dai ka kiyaye, kada ka ce wanda bai yarda da Allah ba ba shi da halin kirki. Ba gaskiya ba ne, za ka ga irinsu suna kula da marasa lafiya da zuciya ɗaya, Bulus kuma ya faɗa a Romawa sura ta 2 cewa an rubuta shari'a a zuciyar mutane, lamirinsu yana shaida. Tambayar tana kan tushen nagarta ne.

Zai kawo maka jinin da aka zubar da sunan addini. Kada ka musa. Mayaƙan da suka ɗauki alamar gicciye sun yi kisan kiyashi a Urushalima a 1099, masu zuwa sujada sun yi fataucin bayi, mu nan kuma mun ga Kaduna a 2000 da Jos a 2001, inda a cikin masu kisan har da waɗanda ake kira Kiristoci. Ga kuma masu wa'azin da suke tatsar gwauraye da talakawa da sunan albarka, abin da ke ƙona mini rai fiye da duk wata hujjar masu musu. Kana iya tuna masa cewa gwamnatocin da suka kori addini, irin ta Stalin a Tarayyar Soviet, sun hallaka miliyoyi, amma kada ku mai da gawawwaki abin gasa. Amsar da ta fi ita ce Almasihu da kansa ya la'anci waɗannan ayyuka, shi ne ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, kuma koyarwarsa ce ta iza ɗan majalisa William Wilberforce ya yi ta gwagwarmaya har majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807.

In ya ce kai Kirista ne kawai don a gidan Kirista aka haife ka, ka amsa cewa inda mutum ya samo ra'ayi ba shi ne ke nuna ko gaskiya ne ko ƙarya ba, kuma wannan ma'auni zai hau kan wanda aka haifa a gidan da ba a ambaton Allah.

Duk inda hirar ta zaga, ka yi ƙoƙari ka kawo ta kan Yesu, domin bangaskiyarmu a kan abin da ya faru a tarihi ta tsaya. Tacitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta a farkon ƙarni na 2 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin sarki Tibariyas. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa kimanin shekara 25 bayan gicciyen, ya lissafa waɗanda suka ga Ubangiji a raye, ya ambaci fiye da mutum 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna nan da rai, ya kuma faɗa ƙarara cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Bisharu huɗu duka sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, abin da mai ƙirƙirar labari ba zai zaɓa ba. Wannan ba zai tilasta wa abokinka ya ba da gaskiya ba, amma ka roƙe shi ya karanta bisharar Markus da kansa, ya kuma faɗa maka yadda yake bayyana abin da ya mai da matsoratan almajirai masu wa'azin da ba sa gudun mutuwa.

Ku yi wannan hira ku biyu, ido da ido, kada ku kai ta Facebook inda kowa ke neman a tafa masa. Ka bar shi ya gama magana kafin ka amsa, domin wani lokaci a bayan hujjar akwai rasuwar wani nasa, ko wulaƙancin da aka yi masa a majami'a. In kuma tambayoyinsa sun tayar maka da shakka a zuciyarka, kada ka ɓoye mini, kada kuma ka daina zuwa sujada saboda kunya. Ubangiji bai kori Toma ba, ya nuna masa hannuwansa ne, ya kuma karɓi addu'ar uban nan da ya ce ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ka rubuto mini duk tambayar da ta gagare ka, mu bincika tare, in ta kama mu kai wa fastonmu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Muna yi maka addu'a kullum, kai da abokin naka.

Ni ne,
Mahaifinka.